Hasumiyar da Nevio Bai Hau Ba

Shekara ashirin da shida Nevio Tugnoli ya yi yana buɗe ƙofar wata ƙaramar makarantar koyon Italiyanci a Bologna. Shi ne mai gadi, shi ne masinja, shi ne mai gyaran famfo idan ya fara yoyo. Ƙarfe bakwai da rabi yake jingine kekensa a ƙarƙashin rumfar titi, ya buɗe tagogi, ya ɗora kofi, sannan ya zauna a teburinsa na bakin ƙofa yana jiran ɗalibai. Baƙi ne dukansu. Wasu sati biyu suke yi, wasu wata uku, su koyi abin da suka koya su koma ƙasashensu.

Malamai sun zo sun tafi, shugabanni ma an canja har sau huɗu, amma abu ɗaya bai canja ba: takardar rawaya da Nevio yake raba wa ɗalibai kowace Juma'a. Babu wanda ya sa shi. A shekararsa ta biyu ne ya lura cewa da an tashi aji ranar Juma'a sai baƙin nan su yi cirko-cirko a bakin ƙofa, ba su san inda za su nufa ba, ƙarshe su ɓuge a shagon da aka fi tsuga wa baƙo kuɗi. Sai ya zauna ya rubuta musu shafi guda, gaba da baya, da Italiyanci mai sauƙi, irin wanda ɗan sati biyu zai iya lallaɓawa ya karanta.

Bayan takardar na sayayya ne. Ya rubuta layin da za a sami cuku mai kyau a tsohuwar kasuwa, da sunan matar da za ta ba ka ɗanɗano kafin ta yanka. Ya rubuta cewa a kasuwar Juma'a da Asabar ake sayen riguna da takalma, kuma a je da sassafe. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin wani gargaɗi: kada ka taɓa kayan marmari da hannunka, ka nuna, mai kaya ya zaɓa maka. Ya ce kada kowa ya ɓata kuɗinsa kan lema, rumfunan titi sun ishi mutum ya ratsa gari bai jiƙe ba. Gaban takardar kuwa na wuraren gani ne, guda goma, an jera su da lamba. Akwai cocin nan bakwai da suka shige cikin juna, akwai 'yar tagar da ake leƙen kogi ta cikinta, akwai doguwar rumfar da ke hawa dutse har cocin San Luca. Lamba ɗaya ita ce hasumiyar Asinelli. Ga abin da ya rubuta: "Matakai ɗari huɗu da casa'in da takwas. Hawa ne mai sauƙi, ko tsohuwa za ta hau. Wanda bai ga Bologna daga nan ba bai gan ta ba."

Nevio bai taɓa sa ƙafarsa a cikin hasumiyar ba.

An haife shi a 1953 a unguwar bayan tashar jirgi, inda mahaifinsa ke da shagon gyaran keke. Shi ne na farko a danginsu da ya shiga jami'a. Tarihi ya karanta, kuma yana da ƙoƙari. Ranar da ya kawo takardar shiga, mahaifiyarsa ta yi tortellini a romo, abincin da ba ta yi sai ranar biki. A satin farko, kamar kowane sabon ɗalibi, aka faɗa masa abin da kowa ya sani a garin: ɗalibin da ya hau Asinelli kafin ya gama karatu ba zai gama ba har abada. Ana hawa ne bayan an gama, da hular ganyen da ake sa wa masu digiri a ka. Nevio ya yi dariya, ya ce camfi ne, sannan ya yi abin da sauran suka yi, ya riƙa wucewa ta gindinta.

Jarrabawa ashirin ce tsakaninsa da digiri. Ya ci goma sha takwas. Sai ɓarin jikin mahaifinsa ya shanye, Nevio ya karɓi shagon, da nufin wata shida. Cikin wata shidan nan ya haɗu da Iole, wadda ke murza taliya a wani shago a tsohuwar kasuwa. Suka yi aure, suka haifi 'ya mace. Mahaifin ya rasu, shagon ya ja shekara tara ya mutu, Nevio ya sami aikin makarantar. Ya san sarai takardunsa na jami'a sun daɗe da tashi aiki, ba yaro ba ne. Amma duk wanda ya tambaye shi iya karatunsa, amsa ɗaya yake bayarwa.

"Saura biyu."

"Da kundin ƙarshe," Iole kan ce daga kicin.

"Kundi ai a kaina yake."

"To ka kula, kada gashin ya zube da shi."

Har sunan ya bi shi. A mashayar kofi ta unguwa Saura-Biyu ake ce masa, wasu ma ba su san sunansa na gaskiya ba. Athos, mai sayar da jarida a gindin hasumiyar, wanda suka yi firamare tare, shi kuma "dottore" yake ce masa, laƙabin wanda ya gama jami'a, kuma da ƙarfi yake faɗa don masu jiran bas su ji. Wurin Athos ɗin ne ya samo maganar tsohuwa. Ranar da yake rubuta takardar ya tambaye shi yadda hawan yake, Athos ya ce, yana ninke jarida, "Wasa ne, dottore. Ko kakata za ta hau." Nevio ya rubuta. Ɗalibai kuwa yawancinsu 'yan shekara ashirin ne, su hau su sauko suna haki suna cewa ya yi kyau, don iyakar kalmomin da suke da su ke nan. Babu wanda ya taɓa gyara masa.

Yana da dabararsa. Idan ɗalibai suka roƙe shi ya raka su ranar Asabar, yakan fara kai su kasuwa, su cika hannu da kaya, sannan a nufi hasumiya. A nan sai ya ce ai ba a hawa da ledoji, su bar masa, shi ya hau har ya gaji. Ya tsaya wajen Athos da kaya jibge a ƙafarsa, suna gardamar ƙwallo har su sauko.

A watan Oktoba na shekarar da ya cika hamsin da takwas, wata mata ta zo daga Finland, sunanta Aune. Shekarunta sittin da tara, ta yi ritaya daga gidan waya. Gajeriya ce, farin gashi, da takalmin tafiya irin na maza. Ita ce ta ƙarshe a ajinsu, malamarta ma ta ce kanta ba ya riƙe komai sai sunayen abinci. Amma Nevio bai taɓa ganin wanda ya ɗauki takardarsa da muhimmanci kamar ta ba. Ta sa ta cikin leda don kada ta jiƙe. Ta faro daga lamba goma tana hawa sama, duk inda ta je sai ta sa alama da jan biro, ta zo ranar Litinin ta nuna masa.

"Sinyor Nevio, taga. Na gani. Ruwa kaɗan."

"Rani ya yi tsawo bana, sinyora."

"Mai cuku ta ba ni ɗanɗano. Kamar ka rubuta. Kai ba ka ƙarya."

Asabar ɗinta ta ƙarshe, lamba ɗaya kaɗai ta rage. Ta roƙe shi ya raka ta, ya yarda. Suka bi ta kasuwa. Ta sayi cuku mai nauyin kilo, da kwalbar ruwan tsami na girki, da doguwar sandar murza taliya daga shagon da Iole ke aiki. Iole ta leƙo da gari a hannunta, ta dubi sandar, ta dubi matar.

"Nevio, ka faɗa mata ba ta shiga akwati."

"Ta ce za ta riƙe a hannu."

"A jirgin sama? Za su ɗauka ta zo dukan direba ne."

Ƙarfe goma da rabi suka isa gindin hasumiya. Aune ta ɗaga kai ta dube ta har hularta ta kusa faɗuwa.

"Mu hau tare?"

"Kayan fa, sinyora? Ki je kawai. Ni na hau har na gaji."

Ta zaro takardar, ta sa yatsa a kan layin, ta karanta da ƙarfi, kalma kalma. "Ko tsohuwa za ta hau." Ta nuna ƙirjinta. "Tsohuwa." Ta yi dariya ta shige.

Athos ya leƙo daga cikin jaridunsa.

"Dottore! Yau kuma kaka ka aika?"

"Ta fi ka ƙarfi. Da ƙafa ta hau San Luca."

"San Luca daban. Can ba a ganin ƙasa ta tsakanin ƙafafu."

Nevio bai kula maganar ba. Suka shiga zancen wasan gobe. Minti ashirin ya wuce, sannan arba'in. Mutanen da suka shiga bayanta suka fito. Sai ga wani mutum da matarsa sun fito suna mita, mutumin ya tsaya sayen jarida yana ba Athos labari.

"Wata tsohuwa baƙuwa ta zauna a tsakiyar matakala, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Sai an raɓa ta gefe. Mai tikiti ya hau ya yi ya yi, ta ƙanƙame katako ta ƙi saki. Ba ta jin komai. Wata takarda rawaya take nuna wa mutane tana kiran sunan wani."

"Wane suna?" in ji Athos, yana kallon Nevio.

"Nevio, ko Livio, oho."

Mutumin ya karɓi jaridarsa ya tafi. Athos bai yi dariya ba, abin da Nevio bai saba gani ba.

"Ni zan hau, amma wa zai tsare mini shago? Kuma ba ni take kira ba."

"Kai ka ce mini kakarka za ta hau."

"Kakata? Nevio, kakata ko bene ɗaya ba ta hawa. Magana ce kawai. Kai ka rubuta ta a takarda?"

"Shekara ashirin da huɗu."

Athos ya dafe kai.

Nevio ya tura ledojin da sandar cikin shagon, ya tsallaka titi. A bakin ƙofar ya tsaya. Ƙaramar ƙofa ce, ya wuce ta sau dubbai, ya san tsagar da ke jikin dutsenta na hagu. Bai yarda da camfi ba, mai karatun tarihi ne, ya san yadda irin waɗannan maganganu ke farawa. Amma ya san abin da rashin hawan yake nufi a wurinsa. Muddin bai hau ba, shi ɗalibi ne da abubuwa suka tsare. Idan ya hau, mai gadi ne da ya taɓa shiga jami'a. Shekara talatin da tara yana riƙe da wannan bambanci. Ya share tafin hannunsa a wando, ya shiga.

Mai tikiti ya ga fuskarsa ya ce, "Kai ne Nevion? Hau, hau, don Allah. Ta wuce rabi."

Matakalar ta katako ce, siririya, tana bin bango tana juyawa, tsakiyar kuma rami ne tun daga sama har ƙasa. Ƙafafun mutane sun cinye katakon har ya yi santsi ya lotsa. Wani wurin tsayinsa kamar tsani. Kafin ya kai ɗari gwiwarsa ta hagu ta fara magana. A ɗari biyu ya cire rigar sama ya rataya a kafaɗa. Sau ɗaya ya leƙa ramin, bai ƙara ba. Yana hawa yana jin layin nan a kansa, da rubutun hannunsa, kuma yana tuna fuskokin dattawan da suka taɓa karɓar takardar a teburinsa. Ba su da yawa. Bai san ko nawa ne cikinsu suka gwada suka juyo, suka yi shiru don kunya ba.

Ya same ta zaune a wani lungu, ta juya wa ramin baya, hannu biyu a kan katakon dafawa. Fuskarta ta yi fari fat. Takardar na kan cinyarta.

"Sinyora Aune."

Ta buɗe ido. "Ƙafa lafiya," in ji ta. "Kaina ne. Yana juyawa."

"Jiri ne. Zai wuce. Kada ki kalli ƙasa, ki kalle ni."

Ya zauna a matakin da ke ƙasa da nata, yana haki. Wasu samari biyu suka raɓa su suka wuce.

"Nawa?" ta tambaya.

"Mai tikiti ya ce kin wuce rabi. Ki ce ɗari uku."

"Ka rubuta sauƙi."

"Na rubuta."

"Kai sau nawa ka hau?"

Da zai iya cewa komai, ba za ta gane rabinsa ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Da wannan, ɗaya."

Ta daɗe tana kallon yatsan. Ya ga lokacin da maganar ta shige ta. Jini ya dawo fuskarta, ta saki katakon da hannu ɗaya ta ɗauki takardar ta kaɗa masa a hanci. Ta yi magana mai tsawo da harshensu, wadda bai ji ko kalma ɗaya ba, bai kuma buƙaci ji ba. Da ta gama ta koma Italiyanci.

"Ni na yarda da kai. Goma, tara, takwas, duka gaskiya. Me ya sa ɗaya ƙarya?"

Ya yi mata bayani da ƙananan kalmomi, kamar yadda yake rubuta takardar. Ɗalibi, hasumiya, ba a hawa. Jarrabawa biyu.

"Yaushe jarrabawa?"

"An daɗe."

"Yaushe?"

"1976."

Ta ce wani abu gajere da harshensu, ta girgiza kai.

"Mu sauka, sinyora," in ji shi. "Ni a gaba, ki dafa kafaɗata."

Yana faɗa yana lissafi a zuci. Wanda ya tsaya a ɗari uku bai hau hasumiya ba, ya shiga ne kawai. Taimako ya kawo shi, ba kallo ba. Athos zai yi masa tsiya na wata guda, amma ko a mashayar kofi aka kai ƙara, za a sami masu cewa rabi ba hawa ba ne. Ƙofar "saura biyu" a buɗe take har yanzu.

Aune ta leƙa ƙasa ta gefen ido, ta yi sauri ta rufe.

"Ƙasa, ina ganin rami. Sama, ina ganin bango." Ta nuna lamba ɗaya, wurin da babu jan biro. "Jibi jirgi. Ba zan dawo ba. Ni tsohuwa."

Zai iya dagewa. Da ya ce mata sama ta fi haɗari, ko an kusa rufewa, za ta bi shi, don ba ta da wani. Ya dubi matar, ya dubi matakan da suka rage suna juyawa cikin duhu-duhu. Ƙarya ɗaya ta kawo ta nan, kuma ya ga sai ya ƙara wata kafin ya sauke ta.

"To tashi," ya ce. "Ki kama bel ɗina ta baya. Ki riƙa ƙirgawa da ƙarfi, da Italiyanci. Malamarki ta ce ba ki iya ƙirge ba."

"Ƙarya take."

Suka hau. Tana ƙirgawa, tana tsallake sha bakwai duk lokacin da ta zo kanta, yana gyara mata. Kowane ashirin sai su tsaya su huta, su faro daga ɗaya. Matakan ƙarshe da hannu da ƙafa suka hau su. Sai iska ta buge shi a fuska.

Garin ja ne gaba ɗaya, rufi a jikin rufi, tituna biyar sun fita daga ƙarƙashin ƙafarsa a miƙe kamar yatsu. Ya san haka yake, ya gani a taswira tun yana ɗan shekara sha tara. Abin da bai sani ba shi ne ƙanƙantarsa. Makaranta, kasuwa, jami'a, tashar jirgi, unguwarsu, duk da tafin hannu ɗaya zai rufe su. Aune ta jingina da bango, ta zaro jan biro ta sa alamarta. Sannan ta nuna wani koren rufi ta tambaya, ya faɗa mata. Ta nuna wani. Ya shiga bayani, wanda ya gina, shekarar da aka gina, rigimar da aka yi a kai, ya manta da ƙananan kalmomi. Wasu mutum biyu suka matso suna saurare, can suka gaji suka tafi ɗaukar hoto. Aune ta bar shi ya gama.

"Ban gane ba," in ji ta. "Amma yanzu ka gani."

Saukowa ta ɗauke su rabin awa. Da baya ta sauko, fuskarta na kallon matakai, shi yana ƙasa da ita yana faɗa mata inda za ta sa ƙafa. Athos ya miƙo musu ledojin da sandar. Ya buɗe baki, ya dubi Nevio, ya ce, "Ga kayanku, Nevio." Nevio ya raka matar har bas.

Biyu saura kwata ya isa gida, ya tura keken don ƙafafunsa sun ƙi taka feda. Iole ta riga ta dawo, ta shimfiɗa tebur, tukunya na kan wuta ƙasa-ƙasa.

"Ina ka tsaya? Ko sandar ce ta maƙale a ƙofar bas?"

Ya wanke hannu ya zauna.

"Na hau Asinelli."

Ta tsaya da ludayi a hannu.

"Har sama?"

"Har sama. Matar ce ta maƙale a tsakiya, laifina ne." Ya gyara cokalinsa a kan tebur. "Ba zan gama ba, Iole."

Ta zuba masa romo, ta zuba wa kanta, ta mayar da tukunya, ta zauna. Ba ta yi maganar kundi ba.

"Yaya yake, can sama?"

"Ƙarami. Garin, nake nufi. Ke ba ki tuna ba?"

"In tuna me? Ni na taɓa hawa ne?"

Ya ɗago ya dube ta. A garin aka haife ta, kuma ba ta taɓa zama ɗaliba ba, babu abin da ya hana ta.

"Wata uku kafin aurenmu," in ji ta, "muna tsaye a gindinta muna shan ƙanƙara, na ce mu hau. Ka ce in bari ka gama, mu hau tare, kai da hular ganye. Na ce to."

"Ban tuna ba."

"Na san ba ka tuna ba. Ƙannena sun hau, 'yarka ta hau, har matan shagonmu sun je tare wata shekara, na ce musu kaina ke ciwo. Shekara talatin da huɗu ina jira, sai ka tashi ka hau da wata 'yar Finland mai takalmin soja."

"Iole."

"Ba fushi nake ba. Faɗa maka nake."

Ya juya cokali a cikin romon.

"Ba sauƙi ba ne," ya ce. "Katako ne, ga rami a tsakiya. Gwiwarki za ta sha wuya."

"Gwiwata tsaye take wuni tun kafin ka san ni."

"To Asabar mai zuwa."

"Asabar ina aiki har ɗaya. Lahadi, ba ta gobe ba, ta sama, ƙafafunka su daina rawa tukuna. Ina ganinsu ta ƙarƙashin tebur." Ta tura masa kwanon cuku. "Ci, yana hucewa."

Ya ci.